Yadda za ka yi amfani da conceivable ba tare da ka cakuɗa ta da possible ba

Wani yaro cikin 'yan lesin ɗina na yamma, wanda yake shirin zana WAEC, ya zo min da tsohuwar takardar tambayoyi ya ɗora yatsa kan kalmar conceivable yace malam wai wannan da possible duk abu ɗaya ne? Yace ya duba ƙamus ɗin wayarsa ya ga an rubuta masa possible a gabanta, shi kenan babu ƙarin bayani. Nace masa ƙamus ɗin bai yi maka ƙarya ba amma rabin zance ya ba ka, kamar mutum ne ya tambaya mece ce fura aka ce masa gero ce. To geron ne kam, amma je ka zuba tsabar gero a nono ka sha mu gani.

Abin da na faɗa masa ranar shi zan ɗan faɗaɗa anan, don na lura ba yaran sakandare kaɗai ba, har manya masu rubuta takardar neman aiki da masu shirin jarrabawar turanci ta IELTS a wajen nan suke tuntuɓe, wasu ma tsoron kalmar suke su kauce mata gaba ɗaya, wasu kuma su riƙa cusa ta ko'ina don a ce sun iya turanci.

Abu na farko, ka ajiye ƙamus ka koma Hausarka, don wallahi mu muna da bambancin nan a bakinmu tun kafin mu san akwai wani abu wai shi turanci. Possible ita ce zai yiwu, za a iya, hanya a buɗe take babu abin da ya toshe ta. Conceivable kuwa ita ce abin da hankali zai ɗauka, abin da in ka rufe ido zaka iya sawwara shi a ranka ka ce eh to, haka na iya kasancewa. Kaga ɗaya maganar duniya take yi da abin da ke cikinta, ɗayar kuma cikin kan mutum ta leƙa. In ka riƙe wannan kawai ka rage wa kanka fiye da rabin wahalar.

Kuma abin da ya fi burge ni shi ne asalin kalmar ma kanta ɗauka ne. Conceivable daga aikatau conceive ta fito, aka liƙa mata ɗafa-ƙeya na able wanda yake nufin ana iyawa. Ita kuma conceive Ingilishi ya aro ta daga Faransanci, cikin dubban kalmomin da suka kwararo bayan 1066 lokacin da mutanen Nomandi suka ci Ingila da yaƙi harshen Faransa ya zama na fada da kotu. Faransanci kuma daga Latin ya gado ta, concipere, wadda tushenta capere ne, wato kamawa ko ɗauka. Shi ya sa a turanci conceive take da ma'ana biyu, mace ta samu juna biyu, ko mutum ya ƙirƙiro wani tunani a kansa. Yanzu dubi Hausa: mace ta ɗauki ciki, na ɗauka kai ne, hankalina bai ɗauka ba. Babu wanda ya ara a wajen wani, kawai Bahaushe da mutumin Rum na da can sun kalli tunani sun gan shi kamar kaya ne da ake ɗauka. Ita possible nata tushen daban ne, daga posse na Latin, wato iyawa.

Amma fa a kiyaye, duk da cewa conceive tana nufin ɗaukar ciki, conceivable ba ta bin ta zuwa ɗakin awo. A asibiti zaka ji likita yace "she conceived" ko "they are trying to conceive", wannan daidai ne, ta ɗauki ciki ko suna neman haihuwa. Amma kar ka kuskura ka ce "my wife is conceivable" kana nufin tana iya haihuwa, abin da ka faɗa shi ne matarka aba ce da hankali zai iya sawwarawa, kuma ban san yadda zaka yi wa uwargida bayanin wannan ba. Kalmar da ake so a wajen fertile ce.

To ya ake zaɓa in an zo rubutu? Ni dabarar da nake koya wa yara ita ce ka fara faɗin jimlar da Hausa a zuciyarka kafin ka taɓa biro. In abin da ya fito daga bakinka "zai yiwu" ne ko "za a iya", to possible kake nema. Zai yiwu a je Kaduna daga Kano a dawo rana ɗaya, "It is possible to go to Kaduna and return the same day". Nan ba maganar hankali ake ba, maganar mota ce da hanya da mai. In kuwa abin da ya fito "ba abin mamaki ba ne in ka ji" ko "ba a cire rai ba" ko "hankali zai ɗauka", to nan conceivable ta samu wajen zama. Ba abin mamaki ba ne a ce ya manta, "It is conceivable that he forgot". Wato ban tabbata ba, ban ma fi zaton haka ba, amma in aka ce min haka ne ba zan yi musu ba.

Bari in kawo misalin da 'yan gidan kallo ba za su manta ba. A watan Agustan 2015 da aka fara gasar Firimiya, in ka ce wa mutum Leicester City ce zata ɗauki kofi sai ya taɓa goshinka ya ji ko zazzaɓi ne. Ƙungiyar da da kyar ta tsira daga faɗuwa a kakar da ta wuce, sabon kocinta Claudio Ranieri ana ta yi masa dariya, 'yan caca na Ingila sun sa mata 5,000 a kan 1, ba tallan caca nake ba, lissafin nasu kawai nake nuna maka. To shin ɗaukar kofin possible ne a lokacin? Ƙwarai ma kuwa, tana cikin ƙungiyoyi 20, wasa 38 zata buga kamar kowa, babu dokar da ta hana ta. Amma a wajen jama'a inconceivable ne, hankali bai ɗauka ba sam. Suka gama da maki 81, Arsenal tana biye da 71, 'yan Arsenal ku yi haƙuri tarihi ne ba ni na rubuta ba. Kaga kenan abu yana iya zama mai yiwuwa amma kan mutane ya ƙi ɗaukarsa, kuma da kalmomin nan biyu abu ɗaya ne da ba za a iya faɗin wannan jimlar ba.

Akwai kuma akasinsa. Zaka iya sawwara kanka ka buɗe hannu ka tashi sama kamar shirwa, ko ka taka daga Kano zuwa Legas a yini ɗaya, tafiyar wajen kilomita 1,000, hoton yana zuwa a kai tsaf amma jiki bazai yi ba. Masu falsafa na Turai sun daɗe suna kai ruwa rana kan ko duk abin da hankali ya sawwara lallai mai yiwuwa ne. Wanda ya yi karatun tauhidi a zaure ma wannan ba baƙon zance ba ne a wajensa, don malamai sun kasa hukuncin hankali gida uku, wajibi wanda hankali bazai sawwara rashinsa ba, mustahili wanda hankali bazai sawwara samuwarsa ba, kamar a ce rabin abu ya fi dukkansa yawa, sai ja'izi wanda hankali ya yarda da samuwarsa ya kuma yarda da rashinsa. In mai falsafa yace conceivable to kusan unguwar ja'izi yake zagaye. Na taɓa yi wa wani almajiri babba da yake koyon turanci da dare wannan bayanin, kafin in rufe baki ya riga ya gane, har ya fi 'yan bokon saurin kamawa.

Sai dai kar wannan ya ruɗe ka, a maganar yau da kullum Bature ba falsafa yake yi ba in yace conceivable. Abin da yake nufi yawanci shi ne zai iya faruwa, amma damar 'yar kaɗan ce. Ka ɗauke su kamar matakalar bene. Can ƙasa conceivable, sama da ita kaɗan possible, sai likely da probable waɗanda suke nufin an fi zaton haka, sai certain a ƙololuwa wato tabbas. Gwada da ruwan sama a Kano. A watan Agusta tsakiyar damina in hadari ya haɗu, rain is likely. A watan Afrilu ana tsakiyar zafi, rain is possible, yakan yi wani lokaci. A watan Janairu ana hunturu hazo ya rufe gari, to nan sai dai ka ce conceivable, shi ma da kyar. Ƙanƙara irin ta Turai mai zuba kamar auduga fa? A Kano kam ni inconceivable zan ce, ko da yake mutanen Ain Sefra da ke bakin Sahara a Aljeriya sun wayi gari sun gan ta kan yashi a 2016 da kuma 2018, saboda haka mutum ya riƙa taka-tsantsan da kalmar.

Wannan matakalar tana da amfani ba a rubutu kaɗai ba, har a sauraro. In ka tambayi oga a ofis ko za a yi ƙarin girma bana yace maka "it is conceivable", ɗan'uwa kar ka je gida ka ce a yanka kaza. Bai ce a'a ba amma bai ba ka komai ba, irin "to a bari mu gani" ɗin nan ce ta manya. Ko irin in sha Allahun tela ana saura kwana biyar sallah, kai ka ji ya faɗa, shi ma ya san ya faɗa, amma duk ku biyun kun san inda zancen ya dosa.

Yanzu ginin jimla, don sanin ma'ana daban, iya sa ta a mazauninta daban. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka fara da it is conceivable that sannan ka kawo cikakkiyar jimla a baya, mai yi da abin da ya yi. "It is conceivable that prices could fall after harvest", hankali zai ɗauka farashi ya sauko bayan kaka. Ka lura could ko might suna son zama a irin wannan jimlar, saboda su ma rashin tabbas suke ɗauke da shi. In kana son ka ƙara mata nauyi sai ka ce quite conceivable ko entirely conceivable, in kana son ka rage sai ka ce just conceivable ko barely conceivable, wato da kyar da siɗin goshi.

Amma inda na fi cin karo da ita a jarida da littattafai, kuma inda nake ganin ta fi daɗi, shi ne bayan every. Every conceivable, wato duk wani iri da ka sani da wanda zaka iya tunani. "Kantin Kwari sells cloth of every conceivable colour", babu kalar yadin da zaka ƙiyasta a ranka ka rasa a Kantin Kwari. "We tried every conceivable method", babu dabarar da ba mu gwada ba, mun yi ta duniya. Zaka iya cewa every possible method, ba kuskure ba ne ko kaɗan, amma conceivable ta fi nuna an matse ƙwaƙwalwa har ta ƙare. Haka nan bayan no, "There is no conceivable reason for this delay", wato na juya na juya ban ga dalilin wannan jinkirin ba ko a mafarki. Wannan jimla ce mai zafi fa, in zaka sa ta a takardar ƙorafi ka tabbata faɗa kake nema, don kamar ka ce wa mutum ba shi da hujja ko ta sisin kwabo ne.

Tana kuma bin kalmomin fifiko, the worst conceivable time, lokaci mafi muni da za a iya tunani, irin a ce taya ta fashe maka kan hanyar kai amarya magariba ta yi. Sai 'yar uwarta conceivably wadda bayanau ce, tana son rakiyar could, "He could conceivably win", ba a cire rai ba zai iya ci. Aikatau ɗin kuma in tunani ake nufi yawanci da of yake tafiya, "I cannot conceive of such a thing", kaina ya kasa ɗaukar irin wannan.

Kishiyarta inconceivable ce, da in a gaba ba un ba. Tana ɗauke da mamaki, wani lokaci har da ɓacin rai. Kafin 2001 da wayar GSM ta shigo Najeriya, a ce tsohuwa tana zaune a ƙauye tana kallon fuskar ɗanta da ke Makka a tafin hannunta suna hira, wannan inconceivable ne a wajen yawancinmu. Ko a ce ƙasar Afirka ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya, mutane da yawa ba su ɗauka ba sai da Maroko ta yi a Katar a 2022. Bambancinta da impossible shi ne impossible tana yanke hukunci kan abin, bazai yiwu ba, ita kuwa inconceivable tana ba da labarin kan mai magana ne, shi ne ya kasa ɗauka. Shi ya sa zaka ji ana cewa "it is inconceivable to me", kuma mutum yana iya faɗinta a kan abin da ya riga ya faru ma, kamar yadda muke cewa wallahi har yanzu na kasa yarda.

Ita ma possible ɗin da muke ganin mun saba da ita tana da nata ramin, kuma ni kaina na taɓa faɗawa. Lokacin da na gama hidimar ƙasa na rubuta wa wani kamfani takardar neman aiki, a ƙarshe na sa "I am possible to start on Monday", ina jin kaina na zuba turanci. Wani yayana da ya duba min kwafin bayan na riga na kai ya yi dariya har da riƙe ciki, yace ai ka gaya musu kai mutum ne mai yiwuwa. Ba su kira ni ba, ko da yake ba zan ce saboda wannan ne ba. Ƙa'idar ita ce mutum baya zama possible to do wani abu, lamarin ne yake zama possible. Sai ka ce "It is possible for me to start on Monday", ko mafi sauƙi kuma mafi kyau "I can start on Monday". Haka conceivable da probable, ba a cewa "he is probable to come". Likely kuwa ta yarda mutum ya tsaya a gabanta, "He is likely to come", wannan lafiya lau.

Wani kuma da nake yawan ja wa layi da jan biro shi ne "can be able". Can iyawa ce, able iyawa ce, ka haɗa su kamar ka ce zan iya iya zuwa. Ɗauki ɗaya ka bar ɗaya. Akwai kuma wuraren da possible ta kafa kujera babu mai tashinta, as soon as possible, if possible, as much as possible. Kar ka ce don ka koyi sabuwar kalma zaka rubuta as soon as conceivable, babu mai faɗin haka, kuma wanda ya karanta zai gane nan take cewa jiya ka haɗu da ita.

Possibly kuma tana da wani hali. In ta shiga tambaya ladabi take ƙarawa, "Could you possibly help me", irin don Allah ko zaka ɗan taimaka min in ba damuwa. In ta haɗu da can't sai ta juye ta zama ƙarfi, "I can't possibly pay that", wato ko sama da ƙasa za su haɗu ba zan iya biyan wannan ba. Yara da yawa suna fassara ta da wataƙila ba zan iya ba, su ɓata ma'anar gaba ɗaya.

Akwai 'yan uwa biyu da ya kamata ka sani don kar ka ɗora wa conceivable kayan da ba nata ba. Feasible tushenta faire ne na Faransanci wato yi, tana nufin abin da za a iya aiwatarwa da kuɗin da ake da shi da lokacin da ake da shi. In ka je banki neman rance zaka buɗe gidan kaji, ba ruwansu da ko hankali zai ɗauki kaji 5,000 a filinka, feasibility study za su nema, su ga kuɗin abinci da magani da ruwa da kasuwa ko lissafin zai fita. Plausible kuma ta labari ce da uzuri, abin da in an ji shi yana kama da gaskiya ko da ba gaskiyar ba ce. Ɗalibi yace ya makara saboda adaidaita ta lalace, plausible. Yace aljanu ne suka ɗauke masa jaka, to wannan sai dai mu bar wa malaman ruƙiyya.

Rubutun kalmar ma wani wajen asarar maki ne. Bayan c, e ce take fara zuwa sannan i, conceive, kamar receive da deceive da perceive, duk 'yan gida ɗaya ne daga capere ɗin nan. Believe ce take ruɗa mutane don ita ie ce, ba danginsu ba ce. Sannan in zaka liƙa able sai ka jefar da e ta ƙarshe, conceivable, ba conceiveable ba. Ka kuma riƙe cewa conceivable da probable da imaginable da able suke ƙarewa, su kuwa possible da feasible da plausible da ible. Wannan babu wata dabara, hadda ce kawai, rubuta su sau goma goma a bayan littafi kamar yadda muke wanke allo.

Furuci kuwa, to nan ne muke da aiki mu Hausawa, kuma ba abin kunya ba ne, harshenmu ba shi da v, sannan p da f a wajenmu kusan abu ɗaya ne. Shi ya sa zaka ji fosibul da konsibabul, kuma feasible da visible su koma kalma ɗaya a baki alhali ɗaya mai yiwuwar aiwatarwa ce ɗaya abin da ido ke gani. Gyaran ba wuya. Don p, haɗe leɓɓanka biyu ka sake su da iska, riƙe 'yar takarda a gaban bakinka, in ta motsa ka yi daidai. Don f da v, haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa, bambancin kawai a v maƙogwaro yana rawa, sa yatsa a wuyanka zaka ji. Yi a gaban madubi, ƙannenka za su yi maka dariya kwana biyu su gaji. Sai wajen da ake danna murya, wanda Test of Orals na WAEC yake tambaya. A conceivable gaɓa ta biyu ake dannawa, con-CEIV-able, kuma ei ɗin dogon i ne, sii. A possible gaɓar farko ce, POS-sible, amma in ta zama possibility sai nauyin ya koma ta uku, possi-BIL-ity.

A ɓangaren canki-canka kuma, wajen nearest in meaning da opposite in meaning, ga tarkon da nake gargaɗin yara a kai. A ce an ba ka jimla da inconceivable a ciki, zaɓin kuma akwai impossible akwai unthinkable. Hannunka zai yi sauri ya tafi impossible don ita ka fi sani. Dakata tukuna, unthinkable ko unimaginable sun fi kusa, saboda su ma maganar kai suke yi. Haka in conceivable ce kuma ka ga imaginable a zaɓi, ita ce 'yar uwarta ta jini, possible 'yar maƙwabta ce, sai in babu ta jinin sannan ka ɗauke ta. Kuma kullum ka mayar da zaɓinka cikin jimlar ka karanta ka ji ko ta zauna.

'Yan uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci su wannan ta zo musu da sauƙi, don suna da concevable da inconcevable, possible ma rubutunta ɗaya ne furuci ne kawai ya bambanta. Inda za su yi hattara shi ne éventuellement, wadda a Faransanci take nufin wataƙila ko in ta kama, amma eventually ta turanci a ƙarshe take nufi, abin da tabbas ya faru bayan an daɗe. Wani abokina ɗan Maraɗi ya taɓa cewa wani eventually zai zo yana nufin wataƙila, mutumin ya zauna jiransa har la'asar.

Ra'ayina dai, conceivable ba kalmar kullum ba ce. A hira da abokai ko saƙon WhatsApp, maybe da possible sun ishe ka, in ka ce wa mai shayi it is conceivable that I will pay tomorrow sai ya ɗauka zagi ne. Ajiye ta don insha'i da rahoto da muhawara, wajen da kake son ka nuna ka yarda abu na iya faruwa amma ba ka sa hannu a kai ba, kuma sau ɗaya a insha'i ya isa, in ta yi uku mai makin zai fara jin ƙaurin hadda.

Aikin da nake ba yara shi ne kowa ya ɗauki abu ɗaya daga rayuwarsa ya hau da shi matakalar nan, jimla huɗu, ɗaya da conceivable, ɗaya da possible, ɗaya da likely, ɗaya da inconceivable, kowacce ya rubuta Hausarta a ƙasa, a yi haka kullum har sati. Ba na yarda da misalin da aka kwafo daga littafi, sai na gidanku da unguwarku, don shi ne yake zama a kai. Yaron nan da ya fara kawo tambayar, washegari ya kawo nasa, ta farko ya rubuta "It is conceivable that my tailor will finish my kaftan before Sallah". Na tambaye shi me ya sa bai sa likely ba, yace malam shekara uku kenan ina kai masa ɗinki. Na ba shi makinsa cikakke. Kaftanin kuma sai ranar hawan Nassarawa ya karɓo shi, ba a ma sa maɓalli ba.